Lambobi Uku na Baba Gende

Omkane, 9 ga Mayu

Yaya Morua,

Ke da kika yi makaranta har kika ci jarrabawa, gaya mini: me ƙuri'a ta taɓa kawo wa Omkane? Hanya? Gada? Ko ƙwayar maganin zazzaɓi guda? Ki zauna ki lissafa, in kin sami abu ɗaya ki sa a ambulan ki aiko mini in gani.

Yi haƙuri, na sa tambaya gaban gaisuwa, kin dai san halin ƙaninki. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya zafin birnin Lae, yaya aikin kamfanin kifi, yaya maigidan da yara? Mu nan lafiya. Kofi ya nuna, aladun nan biyu sun yi ƙiba. Baba ne dai tarin bai sake shi ba. In ya hau daga lambu zuwa gida sai ya tsaya sau uku, kowane tsayi ya ce wai yana duba sararin sama ne.

Dalilinsa na rubuto. Shekaranjiya muna shanya kofi a kan tamfol ya ce, “Lauya, zo nan.” Kin san tun da na koyi karatu a jikin tsofaffin jaridun da yake naɗa taba da su ya daina kirana Siune. Ya ce, “Kai da ka iya karatu ba malami, koya mini lamba uku kafin Yuli.” Na ce lambar me? Ya ce ta zaɓe. Takardar gida uku gare ta, na fari, na biyu, na uku, kowane gida a sa lambar ɗan takara. Zaɓe takwas ya yi a duniya, duk takwas ɗin wani ne ya riƙe masa biro. Na ƙarshen ma, wanda ya rubuta masa, baya ya juya masa. Har yau bai san wa ya zaɓa ba.

Na ce, “Baba, da wannan ƙirjin za ka yi tafiyar awa huɗu zuwa makarantar Yobakul?” Ya ce, “Da ƙirji ake takawa a garinku?” Ya yi dariya har tari ya ƙwace masa. Da ya lafa sai ya ce, “Wannan ne na ƙarshe, Lauya. Shekara biyar nan gaba ina kwance gefen uwarka. Ina so in tafi na san abin da hannuna ya rubuta.”

Yaya, sai na koma na ci gaba da baza kofi.

Amma raina a ɓace yake. Wa zai zaɓa? Wemin Toa, wa kuma! Mu mutanen tudu tun ina goye muke bin gidan Toa, don kakan Wemin ya ba kakanninmu mafaka a shekarar da aka ƙone mana gidaje. Mutanen bakin kogi, dangin Inna, su kuma duk inda gidan Toa ya tsaya sai sun tsaya a ɗaya gefen. Ba wanda ya taɓa tambayar me mutumin zai yi. A haife ka a tudu, an gama maka zaɓe tun kana cikin zani. Kuma mutum nawa ne ma ke zuwa? Wancan karon na zauna a bakin gada na ƙirga da idona, waɗanda suka haye ba su kai ɗari biyu ba. Samari sun tafi birni, tsofaffi sun ji tsoron katakon da ya ruɓe. Da sakamako ya fito, sai ga shi Omkane mutum ɗari shida sun jefa, ba wanda ya yi ko mura. Shi ya sa da Kansila Dama ya zagayo da littafin rajista a watan Fabrairu na ce kada ya kuskura ya rubuta ni. Ya zauna a ɗakinmu, ya ci dankali biyu, ya rubuta Baba, ya ce ya soke sunan Inna, ya yi mana ta'aziyyar da ta makara da shekara uku, ya tafi.

Duk da haka zan koya masa. Zan kuma raka shi. Ba don Wemin ba.

Ki ba direban motar kofi amsa, waya har yanzu ba ta kamawa a bayan dutsenmu. Ki gai da yara.

Ƙaninki,
Siune

Omkane, 14 ga Yuni

Yaya Morua,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da ke da mutanen gidan. Wasiƙarki ta iso, da maganin tarin da takalman. Baba ya sa takalman ya zagaya gida sau biyu, ya cire ya rataye su, wai sai ranar zaɓe. Faɗan da kika yi mini na in rage baki shi ma ya iso lafiya. Na ajiye shi kusa da takalman.

Makarantarmu ta kankama. Allonmu toka ce a bakin murhu, biron kuma tsinke. Wemin lamba 14 ne. Ɗaya ba ta ba shi wahala ba, ya ce ai sandar haƙa ce. Huɗu ce ta sha da shi mako guda, sai da ya ce, “Af, ai mutum ne ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar Wemin a gaban mota.” Tun daga nan bai sake kuskurenta ba. Gida na uku ya zaɓi lamba 10. Na ce wane ne shi, ka san shi? Ya ce, “Ban san shi ba, amma sanda da ƙwai ne, mutumin kirki ne, bai wahalar da tsoho ba.”

Gida na biyu ne ya ba ni mamaki. Ya ce in koya masa 27. Kin san ko ta wace ce? Sista Dingi, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar nan ta bakin kogi, wadda Inna ta zaɓa sau biyu ta faɗi sau biyu. Na ce, “Baba, mutanen tudu in suka ji fa?” Ya ce, “Gida na biyu ne kawai. Don kada uwarka ta ce na manta da mutanenta.” Na zana masa. Ya daɗe yana kallon tokar. Sai ya ce, “Biyun nan mace ce ta durƙusa tana haƙar dankali. Bakwai ɗin gatarinta ne ta ajiye a gefe.” Ya ce, “Uwarka ke nan.” Na tashi na ce zan je duba aladu.

Kina tuna tafiyar Baba da Inna zuwa zaɓe? Ni sau ɗaya na bi su, ina shekara sha huɗu. Daga ƙofar gida har Yobakul gardama suke. Inna a gaba da jakar saƙa rataye a goshi, tana cewa, “Yi sauri, ɗan tudu, in je in kashe maka ƙuri'a.” Shi yana bayanta yana cewa, “'Yar kifi, mutanenki ko akuya suka tsayar za ki zaɓa.” Ta ce, “Akuya ai tana zuwa inda aka ɗaure ta, naka tun yaushe rabon da a gan shi?” Mutane suna dariya suna cewa ku zauna gida mana, ƙuri'arku ɗaya tana cinye ɗaya. Inna ta ce in ta zauna, zai sulale ya tafi shi kaɗai. Shi ma ya ce haka. A dawowa suka zauna kan dutsen bakin gada, ta ciro gasasshen dankali guda ta raba biyu, suka ci, kowa da tawada a ɗan yatsa. A lokacin na ɗauka wauta ce. Har yanzu ina ganin wauta ce, sai dai na yi kewarta.

Yanzu ya koma rubutu da biro a gefen jarida. Hannun yana rawa, amma ana ganewa. Ya daina naɗa taba da duk takardar da ya yi rubutu a kai, ƙila ma shi ne maganin tarin.

Ki yi mana addu'a kada ruwa ya cika kogi. Baba yana gaishe ki, ya ce ki gaya wa jikokinsa kakansu ya shiga aji ɗaya.

Ƙaninki,
Siune

Omkane, 12 ga Yuli

Yaya Morua,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan yara suna lafiya. Mun je, mun dawo, Baba yana nan da rai. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta. Sauran ki nemi wuri ki zauna.

Mun fita gari na wayewa. Ya sa takalmanki, ya rataya tsohuwar jakar Inna, ya jefa gasasshen dankali ɗaya a ciki. Gangaren bai ba shi wahala ba. A gada na riƙe masa hannu, muna tsallake inda katako ya faɗi. Hawan Yobakul ne ya gagara. Ya duba sararin sama sau biyar, a na shida na durƙusa na ce ya hau. Ya ce, “Ni Gende a goye?” Na ce ba mai gani. Ya hau. Yaya, buhun kofi ya fi shi nauyi. Ina jin numfashinsa a wuyana, yana ta maimaitawa a hankali, sanda, mai ƙafa ɗaya kan ɗaya, mace, gatari. Kafin mu shiga filin makaranta ya ce in sauke shi, ya gyara riga, ya shiga da ƙafarsa.

Mutanen tudu suna zaune a gefen rana, na bakin kogi a inuwar aji, kamar kullum. Duka-duka ba mu fi ɗari da hamsin ba. Mai kiran suna wani malami ne daga wani kwari, Malam Bomai, bai san kowa ba. Yana kira, mutum yana tashi, a shafa masa tawada, a ba shi takarda, ya shiga bayan kwali. Suna biyar ake kira kafin mutum ɗaya ya amsa. Aka kira waɗanda suke birni, aka kira waɗanda muka binne. Baba yana zaune, biro a hannu, ya riƙe shi kamar za a ƙwace.

Aka zo gidanmu. Ban ji Gende Waim ba. Sai na ji sunan Inna, “Tine Gende!”

Malamin ya ɗaga kai ya sake kira, “Tine Gende, tana nan?”

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na ce ya duba da kyau. Ya duba, ya juya shafi, ya ba ni na duba da kaina, layi-layi, sau biyu. Babu Baba. Mutumin da ya yi wata biyu yana rubutu a toka, babu shi. Inna da muka binne a bayan lambu tana nan, shekarunta ma an ƙara mata. Na juya na ga Dama. Abin da na gaya masa ba zan rubuta ba, kina iya ba yara su karanta wasiƙar. Ya ce, “Lauya, sassauta. Ni na aika, tsohon littafi suka dawo mana da shi.” Na ce su wa? Ya ce na sama. Na ce na sama ba su da suna? Malam Bomai ya ce shi dai ba shi da ikon ƙara kowa.

Sai Dama ya dafa kafaɗar Baba ya ce, “Tsoho, takarda ai takarda ce. Shiga da sunan matarka ka sa wa Wemin, kowa haka yake yi.”

Kafin ya rufe baki Kawu Apa, ƙanin Inna, ya miƙe daga inuwa. Ya ce, “Sunan wa? Tine jininmu ce, ƙuri'arta ta bakin kogi ce. 'Yata za ta shiga da shi.” Wani daga cikin namu ya ce, “Aladu goma sha biyu muka kai muku a kanta, sunan ya hau tudu tun ranar!” Kawu ya ce, “Biyu guragu ne, ɗaya ya mutu a hanya!” Wasu suka fashe da dariya, wasu suka fara laluben duwatsu. Ni kuma ina tsakiya ina ihu cewa matacce ba ya zaɓe, duk ɓarayi ne, har su har ku. Ba wanda ya saurare ni.

Baba ya tashi. Ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe sosai. Bai ɗaga murya ba, ba shi ma da ita. Ya ce, “Apa, zauna. Ku ma ku zauna. Shekara arba'in da ɗaya ni da sunan nan muna ɗaki ɗaya. In ban shiga da shi ba, da yamma wani zai cika shi a bayan aji. Ba wanda zai taɓa shi.” Ya taka zuwa tebur ya ce wa malamin, “Sake kira.” Malamin ya dube ni, ya dubi Dama, ya kira a hankali. Baba ya miƙa ɗan yatsa.

Wani saurayi daga mutanen Wemin ya bi shi zai riƙe masa biro. Baba ya ce, “Na gode, ɗana, na yi makaranta.” Ya shiga bayan kwalin shi kaɗai. Ya daɗe. Ina hango takalmanki ta ƙasa, ba su motsa ba. Har Dama ya ce ko dai ya yi barci ne. Da ya fito ya ninke takardar ya jefa, mutanen tudu suka yi ta shewa, Kawu Apa ya tofar da yawu ya juya mana baya.

Ban yi masa magana ba har gada. Fushi nake da shi, ban ɓoye miki ba. Ya zauna a kan dutsen nan nasu, ya ciro dankalin ya raba biyu. Na miƙa hannu. Ya ce, “Ba naka ba ne.” Ya ajiye rabin a kan dutse, ya ci rabin. Sai ya ce, “Mace da gatari na sa a gidan farko.”

Na ce, “Baba! Dingi?”

Ya ce, “Sunan wa ka ji an kira? In sa mata Wemin a gaba, da wane ido zan dube ta? Na ba shi gida na biyu, don kada in ce ta manta da mutanena.” Ya dubi tawadar da ke yatsansa ya yi murmushi. “Yau ta ci ni. Sau takwas muna kunnen doki, yau ba wanda ya kashe mata.”

Can kuma ya ce, “Hannun bai yi rawa ba, Lauya. Sai dai ni ban yi zaɓe ba.”

Yaya, a nan na yi kuka, na gaya miki ke kaɗai. Ni da nake zagin matattun da ke zaɓe, na tsaya ina kallo uwata ta yi zaɓe, kuma ban san ko laifi ne ba. Na san dai doka ta ce laifi ne. Abin da ya fi cin raina, da ban yi wa Dama taurin kai a Fabrairu ba, da ƙila akwai takarda ɗaya mai sunan rayayye a gidanmu, in shiga in rubuta masa mai ƙafa ɗaya kan ɗayansa, ko da zuciyata tana tafasa. Na gaya masa haka. Ya ce, “Da ka yi haka da na mare ka. Taka taka ce.”

Maganar gidan farko ki riƙe ta a cikinki, kin san mutanenmu. Na goyo shi har gida, bai yi gardama ba wannan karon.

Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Siune

Omkane, 20 ga Agusta

Yaya Morua,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Kin ce za ki zo hutun Kirsimeti. In da hali ki zo kafin nan. Baba ba ya fita yanzu, rana ma a bakin ƙofa yake shanta. Ba zan ƙara a kan haka ba, kin gane.

Wemin ya ci, kin ji a rediyo. An ce Omkane mutum ɗari shida da goma sha ɗaya suka jefa. A akwatin Yobakul kuwa, Sista Dingi ta sami ƙuri'a ɗaya fiye da kawunan da mutanen bakin kogi suka ƙirga. Makon jiya Kawu Apa ya hau tudu, abin da bai yi ba tun ranar jana'izar Inna. Ya ajiye kifi busasshe a bakin ƙofa, suka zauna da Baba kusan awa guda suna maganar ruwan sama. Zai tafi ya ce, “Guragun aladun nan ma sun yi daɗi.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na je wurin Dama na ce ya rubuta ni. Ya ce sai shekara biyar. Na ce rubuta yanzu, ina tsaye. Kada ki yi murna, ban canza ra'ayi a kan kowa ba. So nake in an kira sunana a sami mai amsawa.

Mun koma makaranta. Baba ya ce tunda sun manta sunansa, bari ya koyi rubuta abinsa da kansa. Baƙi biyar ne. Na farkon ya ce wutsiyar alade ce, sauran ya ce ba su kama da komai, sai dai haƙuri. Jiya ya gama shi ba tare da na riƙe masa hannu ba.

Ya sa na samo kwali babba. Ya faɗa na rubuta, shi kuma ya sa suna a ƙasa. Ranar Asabar zan kafa shi a jikin bishiyar kasuwa, in tsaya a gindinta. Dama ya ce na sama ne. To ya zo ya faɗi sunansu, su ma su faɗi na samansu. Na kwafa miki, ki kai gidan rediyo a Lae, ki ce su karanta da safe lokacin da ma'aikata ke shan shayi. In sun ƙi ki koma washegari. Sunan da za ki gani a ƙasa shi ya rubuta, kada ki gyara.

Ki gai da maigidan, ki sumbaci yara. Ki zo da wuri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Siune

Ga abin da ke jikin kwalin:

Ni ne mijin Tine. Ita ta rasu, ni ina nan. Na taka awa huɗu da takalman 'yata na tarar an soke ni. Ba na neman komai a hannun kowa. Wanda ya riƙe biron da ya soke ni ya zo kasuwar Omkane ranar Asabar, ya tsaya inda kowa zai ji, ya dubi fuskata ya gaya mini yaushe na mutu. Ya yi sauri, ba zan daɗe ina jira ba.

GENDE